Homa Biyu da Fiffiken Malam-Buɗe-Littafi

Gardama ce ta ɗauke ni daga Zariya zuwa Birnin Kebbi. Shekara biyu ke nan da na faɗa wata sabga da uwargida take kira ɓarnar wuta. In na taso daga makarantar da nake koyar da lissafi, sai in zauna gaban kwamfuta in rubuta mata 'yar ƙa'ida, layi biyar ko goma, in bar ta ta yi ta maimaitawa har zane ya fito. Ni dai ban ja ko layi ɗaya da hannuna ba. Wata rana abin ya fito kamar ganyen zogale, wata rana kamar hayaƙin turare, sau da yawa kuma shirme zalla. Masu kyan nakan tura wa wani abokina da muka yi jami'a tare, wanda yanzu yake koyarwa a Birnin Kebbi. Rannan sai ya turo mini saƙon murya da harshensu na yamma: "Malam, duk wanga abu da kaka wahal da kanka kai, gulbinmu ya riga ka. Taho ka gani." Na ce masa cika baki ne irin na Kabawa. Ya ce gani ya kori ji.

Da aka ba da hutu a tsakiyar hunturu na kama hanya. Funtuwa, Gusau, Talatar Mafara, na kwana a Sakkwato. Da safe muka bi ta Tambuwal da Aliero, inda ƙamshin albasa ke shigo wa mutum mota tun kafin ya ga tulinta a bakin titi, daga Jega muka karkata. Hazo ya rufe ko'ina, rana ta zama kamar faifan azurfa, kana kallonta ido ba ya zafi. Birnin Kebbi gari ne mai kwanciyar hankali. Tun 1991 da aka yanke jihar daga Sakkwato yake babban birni, nan ne kuma mazaunin Sarkin Gwandu, amma har yau bai koyi gaggawar Kano ba. Abokina ya tare ni a tasha, kafin mu gama gaisawa ya karɓe jakar kwamfutata ya jefa bayan mota, ya ce a garinsu ba za ta yi mini wani amfani ba. Ban san addu'a yake yi ba.

Washegari ya kai ni babbar kasuwa, wai in fara da karatun allo kafin a kai ni gulbi. A wata rumfa muka tarar da wani dattijo ya ɗora wuyan babbar riga a gwiwa yana ɗinki. An riga an zana masa komai a jikin yadin da siririn layi: aska biyu masu tsini suna gangarowa, tambari yana nannaɗe kansa, ga dagi a gefe. Na gaishe shi na ce, "Baba, kai ka zana?"

Bai ɗaga kai ba ya ce, "Mai zane daban, mai ɗunki daban. Shi ya aza hanya, ni ina biya."

Na matsa kusa ina kallon allurar. Abin da hannunsa yake yi bai wuce motsi uku ba: ya soka, ya zagayo da zare, ya ja. Haka zai yi dubbai kafin aska ɗaya ta cika. Na tambaye shi ko ya taɓa ɗinka riga biyu da suka zo iri ɗaya sak. Sai a nan ya dube ni. Ya ce ko zane ɗaya aka ba shi sau goma, riga goma zai fitar, domin hannun safe ba shi ne hannun la'asar ba, zaren jiya kuma ba shi ne na yau ba. Ya ce ta haka ma ake gane ɗinkin hannu: na inji ya cika daidai har ya gundiri ido.

Wannan rabon aiki, wani ya shimfiɗa ƙa'ida wani ya zartar, shi ne ƙashin bayan sana'ar da na faɗa. A watan Fabrairu na 1965 wani Bajamushe masanin lissafi, Georg Nees, ya baje zanen da kwamfuta ta fitar a birnin Stuttgart, ana lasafta wannan cikin baje koli na farko na irin wannan aiki. Sanannen zanensa murabba'ai ne jere reras a sama, suna gangarowa suna karkacewa, kafin a kai ƙasa sun watse kamar an zazzage buhun tsakuwa. Vera Molnár kuwa, 'yar Hungari da ta zauna a Faris, ta yi shekaru tana tsara ƙa'ida tana binta da hannu, tana ɗaukar kanta a matsayin injin, kafin ta samu taɓa kwamfuta a 1968. Ta rasu a ƙarshen 2023 tana da shekara 99. Dabararta ita ce ta zuba wa tsari ɗan yamutsi, kashi ɗaya cikin ɗari, don ya yi rai. Abin da take roƙon inji ya yi mata da gangan, hannun wannan dattijo yana ba shi kyauta.

Da daddare na yi niyyar burge yaran gidan. Na buɗe kwamfuta, na fara nuna musu wani zane mai kama da gashin tsuntsu, sai ɗif aka ɗauke wuta. Batirin kuwa tsoho ne, bai yi minti goma ba ya bi sahu. Abokina ya yi dariya har da tafi. 'Yarsa ta biyu, mai kimanin shekara goma sha ɗaya, ta ce, "Kawu, ke nan in babu wuta babu zanen?"

Maganar ta sosa mini rai. Na ce a kawo fitila mai caji, da gawayi, da zare, da ƙwayar lido. Muka fita tsakar gida inda aka shafe da siminti. Na ɗauko duwatsu uku na jera su kamar murhu, tsakanin kowane biyu kusan taki biyu. Na ce wannan dutse nasa ɗaya da biyu, wancan uku da huɗu, na can biyar da shida. Za mu fara daga gindin dutse ɗaya. A jefa ƙwaya, dutsen da ta nuna sai a miƙa zare daga inda muke zuwa gare shi, a ninka zaren biyu, a ɗiga gawayi a rabin hanya. Daga wannan sabon ɗigo a sake jefawa. Dokar ke nan, ba ƙari.

Yaran suka raba aiki: ɗaya na jefawa, ɗaya na awo, yarinyar na ɗigawa. Ɗigo hamsin na farko ba su nuna komai ba, kamar kaji sun yi tsattsage. Ƙaramin ya gaji ya tafi ya kwanta. Wajen ɗigo ɗari biyu yarinyar ta dakata, ta ɗaga fitila sama, ta ce, "Kawu, tsakiya ba kowa." Gaskiyarta. A tsakiyar murhun ga wani fili mai kusurwa uku, kansa a ƙasa, fes, ko ɗigo ɗaya bai faɗa ciki ba. Da muka ƙara wasu ɗari, sai ga irin wannan fili ƙarami yana buɗewa a kowane ɓangare na ukun da suka kewaye shi.

Ta ce na yi magudi. Ta karɓe ƙwayar ta riƙa jefawa da kanta, tana hura mata iska. Tsakiya ta ƙi karɓar baƙo. Sai na nuna mata dalili: duk inda kike a cikin murhun nan, in kika yi rabin hanya zuwa wani dutse, dole ki faɗa unguwar wannan dutsen, wato kusurwar da ke gindinsa. Unguwanni uku ne, tsakiya kuwa ba ta kowa ba ce. Abin da ya faru a babban murhu shi zai faru a cikin kowace unguwa, da unguwar cikin unguwa, har inda ido ya gaza. Ƙwaya tana da 'yancin faɗuwa yadda ta ga dama, ba wanda ya san ɗigo na gaba, amma siffar da za ta fito an gama yanke ta tun lokacin da aka ce "rabin hanya".

Wani masanin lissafi ɗan Poland, Sierpinski, ya bayyana wannan siffa a 1915, wasan ƙwayar kuma Michael Barnsley ne ya yaɗa shi a 1988. Irin waɗannan siffofi da ƙaraminsu ke kama da babbansu su ne Benoit Mandelbrot ya raɗa wa suna firaktal a 1975. Uwar gidan da ta leƙo ta ga siminti ya yi baƙi, ba ta tambayi sunan kowa ba. Ta ce wanda ya ɓata shi zai wanke.

Kwana na uku muka nufi Argungu, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. A hagu da mu fadama ce shimfiɗe, korenta har yana ɗaukar ido a tsakiyar wannan fari na hunturu. Shinkafar rani ce. Ko'ina ƙarar injin ban ruwa, ga matasa sun naɗe wando suna dashe. A wannan jiha ce aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a watan Nuwamba na 2015, tun daga nan kuma sunan Kebbi ya haɗu da shinkafa a bakin 'yan Najeriya. Abokina ya tsaya a wani ɗan tudu, ya zaro waya ya buɗe taswirar tauraron ɗan'adam. Ya ce, "To, Malam, ga kwamfutarmu."

Na daɗe ina kallo. Gulbin da ya taso daga haɗuwar Rima da kogin Sakkwato, yana gangarawa zuwa Kwara, ba layi ɗaya ba ne. Daga sama kamar an warware ƙullin zare an yar. Ga babbar hanyar ruwa tana lanƙwasa, ga ƙanana suna rabuwa da ita suna komowa, ga tafkuna masu siffar lauje, ga inuwar tsofaffin hanyoyi da ruwa ya bari, yanzu an shuke su. Na ƙara girman hoton, ƙaramin rafi ya cika fuskar wayar, shi ma da nasa lanƙwasar da nasa 'yan lauje. In ba a gaya maka ba, ba za ka san ko kilomita goma kake kallo ko taki ɗari ba.

Dokar da ke wannan aiki gajera ce kamar ta murhunmu. A duk lanƙwasa, ruwan da ke bayan gwiwa ya fi gudu, sai ya ci gaɓa. Na cikin gwiwa yana tafiya a hankali, sai ya sauke yashi. Kowace damina gwiwar tana ƙara fita, har wuyanta ya sirance, wata ambaliya ta zo ta yanke shi ta miƙe hanya, ta bar tafki a baya. Abin da ya fara karkata ruwan tun farko yana iya zama kututturen da ya faɗi, ko turbar da shanu suka tattake. Da kututturen ya faɗi taki biyar gaba, da yau gonar wani ce a ƙarƙashin ruwa, ta wani kuma a tudu.

A kan wannan tudu na ba abokina labarin Edward Lorenz, ko da yake ya san shi. A 1961 wannan masanin yanayi na Amurka yana gwada lissafin iska da zafi a wata tsohuwar kwamfuta. Ya so ya maimaita wani gwaji daga tsakiya, sai ya kwafi lamba daga takardar da injin ya buga. A cikin injin lambar 0.506127 ce, a takarda an taƙaita ta zuwa 0.506. Ya tafi shan kofi. Da ya dawo ya tarar yanayin da injin ya lissafo ya bi tsohon sahu na ɗan lokaci, sannan ya rabu da shi kwata-kwata. Da farko ya zaci injin ne ya lalace. Bambancin da bai kai ɗaya cikin dubu ba shi ne ya yi ta ninkuwa har ya cinye hasashen. Daga nan aka samu abin da nake fassara wa ɗalibaina da lissafin yamutsi: tsari mai bin doka sau da ƙafa, ba caca a cikinsa, amma ƙaramin kuskure wajen sanin mafarinsa yana hana ka sanin makomarsa. Shi ya sa har yau hasashen yanayi ba ya iya hango abin da ya wuce kamar mako biyu da tabbaci. Manoman wannan fadama da ambaliyar 2020 ta shanye wa shinkafa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan haka.

Mun shiga Argungu da hantsi, muka fara da Gidan Tarihi na Kanta. Ginin ƙasa ne mai kauri, da ka shiga sanyi ya rufe ka. Nan ce fadar sarakunan Kabi har zuwa 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958, da sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16 ya zauna a Surame. Akwai masu, da takubba, da tambura, da kayan su, da layun yaƙi. Layun ne suka tsayar da ni. Ba a buɗe laya, amma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san irin abin da malamai kan rubuta a ciki, har da hatimi: gidaje tara, lambobi daga ɗaya zuwa tara, ta ko'ina ka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ka samu 15.

Batun amfanin laya na bar wa malamai. Ni abin da ya dame ni shi ne lissafin. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, Bakatsine, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Abin da ya bari hanya ce ta sa lamba bayan lamba, wadda in ka bi ta hatimin zai cika da kansa komai girmansa. Wanda ya rubuta irin wannan a yau, mai tsara manhaja za a kira shi.

Abokina ya ga na yi shiru, sai ya samu ƙofa. Ya ce ai dama kakanninmu sun san duk wannan lissafin yamutsi, Turawa suna kawai suka sa masa. Ya kawo Ron Eglash, Ba'amurken da ya wallafa littafi a 1999 yana nuna siffofin firaktal a tsarin garuruwa da kitso da saƙa na Afirka, kamar fadar Logone-Birni ta Kamaru. Na ce masa a'a, kada mu yi wa kakanni ƙarya don muna son su. Hatimi tsari ne tsantsa, ba yamutsi a cikinsa. Dagi ma ba firaktal ba ne, ƙulli ne mai zagayowa ya koma mafarinsa. Abin da suka mallaka, kuma ya isa abin alfahari, shi ne sanin cewa gajeriyar doka in aka yi ta maimaita ta tana haifar da abin da ya fi ta girma. Muka fito muna musu har bakin mota.

Daga nan muka gangara Matan Fada, inda ake bikin su a gulbi. Ba ta da hayaniya a ranar. Wanda ya saba ganinta a hoto, dubban mutane sun rufe ruwa, zai yi mamakin ƙanƙantarta. Bikin da ya sa duniya ta san wannan wuri ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, aka shirya masa su don tabbatar da cewa gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato ta ƙare. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya. Mu dai abin da muka tarar shi ne wani tsoho a gindin bishiya yana gyaran homa, gorarsa a gefe.

Muka yi sallama, ya matsa mana a tabarma. Saƙar homa ma ƙulli ɗaya ne ake ta maimaitawa. Ya nuna mini yadda yake ƙara ido a wasu layuka don cikin ragar ya yi zurfi kamar aljihu, in ya rage kuma ta tsuke. Na ce, "Baba, kifi kullum yawansa ɗaya a nan?"

Ya ce, "Ina fa! Wata shekara ka ce an zuba su da kwando, wata shekara ka yi ta lalube. Kifi in sunka yi yawa, su ka cin junansu, abinci kuma ya gaza. In sunka ragu, sai su samu wuri su hayayyafa."

Na dubi abokina, shi ma ya dube ni. Abin da tsohon nan ya faɗa shi ne, kusan kalma da kalma, lissafin da Robert May ya shahara da shi a 1976. Ka ɗauka gulbi ba ya ɗaukar kifi fiye da dubu. Kifin baɗi ya danganta da abu biyu: yawan iyayen bana, da yawan gurbin da ya rage. Ka ninka su, ka ninka da ƙarfin haihuwa, ka raba da dubu. In ƙarfin haihuwar bai kai 3 ba, yawan kifi zai daidaita a lamba ɗaya. Da ya haura 3, sai ya koma shekarar yawa, shekarar ƙaranci, bi da bi. Ka ƙara kaɗan, zagayen ya zama na shekara huɗu, sannan takwas. Wajen 3.57 zagaye ya ɓace, lambobi su riƙa tsalle ba kai ba gindi. In ka zana wannan a takarda, abin da zai fito goruba ce a kwance: gangar jiki ɗaya ta rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, har a shiga duhun ganye.

Na ciro biro na yi musu misali a bayan takardar shiga gidan tarihi, da ƙarfin haihuwa 4, wayar abokina tana yi mana ninki. Gulbi biyu, ɗaya ya fara da kifi 200, ɗaya da 201. Bayan shekara guda, 640 da 642. Ba wanda zai kula. A shekara ta takwas, 402 da 129. A ta goma, na farko ya koma 148, na biyu ya kai 989. Kifi ɗaya tak ya raba su. Wannan wasan lissafi ne, gulbin gaske yana da ambaliya da madatsun Goronyo da Bakolori da masunta a kansa, amma ya isa ya nuna cewa ba sai an nemo wani babban dalili ba kafin shekara ta saɓa wa 'yar'uwarta.

Tsohon ya saurara har na gama, sannan ya ce shi bai san boko ba, amma abin da ya sa ake samun giwan ruwa a Matan Fada shi ne hani. Wurin a rufe yake, ba mai jefa homa sai Sarkin Ruwa ya buɗe. "In anka bar kowa shi yi yadda ya so, ko tarwaɗa ba ka samu."

Kafin mu tashi na roƙe shi ya nuna mini yadda ake riƙe homa. Ya miƙe, ya ɗauki ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya buɗe hannuwa. Rana tana bayansa, ragar tana ɗaukar haske. Nan take na gane hoton. A 1963 Lorenz ya rage lissafinsa zuwa jimla uku, da aka zana tafiyarsu sai ga layi ɗaya yana kewaya wani fiffike, ya tsallaka ya kewaya ɗayan, ya dawo, ba mai iya cewa sau nawa zai zaga kafin ya sake tsallakawa. Bai taɓa bin sahunsa na baya daidai ba, bai kuma taɓa fita daga fikafikan nan biyu ba. Duniya ta ce ya yi kama da malam-buɗe-littafi, musamman bayan laccar da Lorenz ya yi a 1972, inda ya tambaya ko kaɗa fiffiken wannan ƙwaro a Barazil zai iya tayar da guguwa a Texas. Da a Argungu aka haife shi, homa biyu zai gani.

Na nuna wa tsohon hoton a wayar abokina, na gaya masa yadda layin yake tafiya. Ya riƙe wayar nesa da ido, ya juya ta, ya ce, "Awa gulbi ke nan. Bai bin hanyar bara, amma bai barin fadama." Ya miƙo wayar ya koma kan ƙullinsa.

Ranar da zan tafi wuta ta dawo. Na kwafe wa abokina 'yan layukan wasan murhu a tasa kwamfutar, na nuna wa yarinyar inda ake canza yawan duwatsu. Da na koma Zariya na zauna in rubuta dokar gulbi: layi mai tafiya, bayan gwiwa ya ci, cikin gwiwa ya tara. Mako biyu ina fama, abin da ke fitowa bai wuce tana a kan siminti ba. Na gane cewa tsayuwar minti ashirin a kan tudu ba ta isa ba, sai na koma da damina na ga ruwan yana aikinsa.

Ina cikin wannan sai ga saƙon murya daga Birnin Kebbi. Yarinyar ce. "Kawu, na sa duwatsu huɗu, abin ya lalace. Ɗigo ya cika ko'ina, ba zane, kamar an watsa gero." Haka ne kuwa, da kusurwa huɗu da rabin hanya fili ne kawai yake cikewa. Na ce mata ta ƙara doka ɗaya: dutsen da aka je yanzu, ba a komawa gare shi a jifa na gaba, sai an ziyarci wani. Bayan sallar isha'i hoto ya shigo. Ramuka sun buɗe a cikin geron, manya da ƙanana da ƙananan ƙanana, abin ya zama kamar wuyan riga da aka gama ɗinkewa. A ƙarƙashin hoton ubanta ya rubuta cewa ta ce a tambaye ni: in aka hana dutsen da ke hannun dama fa, me zai fito? Na san amsar, amma ban gaya mata ba. Na ce ta gwada ta turo mini.